Ƙiba da jinin dasashi: amsa ga 'yar'uwar da ta yi tambaya

'Yar'uwa, kin ce tun da kika ƙara ƙiba dasashinki ke jini idan kina goge baki, kuma kin fara shan ruwan ɗumi da lemun tsami kullum safiya don rage teɓa, sai ga haƙoranki suna zugi idan kin sha ruwan sanyi. Kina tambaya ko ƙibar ce. Da hannunta a ciki, amma matsala biyu ce kika haɗa.

Jinin dasashi daga dattin da ke maƙalewa a gindin haƙori yake farawa. Ƙwayoyin cuta ke zaune a cikinsa, jiki ya yaƙe su, dasashi ya kumbura. Kitse kuwa, musamman na tumbi, yana sakin sinadaran da ke rura kumburi a cikin jini, shi ya sa dattin da zai ɗan taɓa dasashin wani, a bakin mai teɓa sai ya yi ɓarna. In aka ƙyale shi, ƙashin da ke riƙe haƙori ya fara cinyewa, haƙori ya yi ta girgiɗi, kuma ƙashin da ya tafi ba ya dawowa da kansa.

Kafin komai, ki gwada suga. Ƙiba ce babbar ƙofar ciwon suga, kuma dasashi na cikin wuraren da yake fara nuna kansa: jini, warin baki, bushewar yawu, gyambon da ba ya saurin warkewa. Ki nemi gwajin HbA1c, wato gwajin jini mai nuna matsakaicin suga na 'yan watannin baya, ko na safe kafin ki karya. Ki kuma auna cikinki da tef daidai saitin cibiya. Mace in ta haura santimita 88, namiji 102, haɗarin ya yi yawa ko da sikeli bai nuna wani abin tsoro ba.

Kogon haƙori kuwa ba kitse ke kawo shi ba, abin da ya kawo kitsen ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sukarin da ake zubawa a abinci da abin sha kada ya wuce kusan giram 50 a rana, wato ƙaramin cokali 12, in ya tsaya a 6 ya fi. Lemon kwalba guda ya kai cokali 8 zuwa 9, ba a ma zo kan shayin safe da zoɓo da kunun aya ba. Kuma yawan kai wa baki ya fi yawan sukarin illa: duk kurɓa ɗaya, baki na yin tsami na kusan rabin awa kafin yawu ya daidaita shi. Mai kurɓa kaɗan-kaɗan tun safe har la'asar, haƙoransa a cikin tsami suka wuni. In za ki sha, ki sha tare da abinci ki gama.

Zugin nan, lemun tsamin nake zargi. Ba ya narkar da kitse, farin saman haƙori yake zaizayewa. Ki daina. In kin sha abu mai tsami, kurkure da ruwa, ki jira aƙalla minti 30 kafin buroshi ko asuwaki. Ƙwannafi ma haka yake cin haƙori ta ciki, kuma ya fi addabar masu tumbi. Masu shan "sha ka fashe" don su yi ƙiba su ma su ji: wasu ƙwayoyin na busar da yawu, wasu na tayar da suga.

Ki goge sau biyu a rana, minti biyu, da buroshi mai laushi da man da aka rubuta fluoride 1,350 zuwa 1,500 ppm a jikinsa. Na dare ya fi muhimmanci. Ki tofar, kada ki kurkure. Kada ganin jini ya sa ki kauce wa wurin, nan ne ke buƙatar guga. Tsakanin haƙora zaren sakace ya fi tsinke. Dattin da ya riga ya daskare buroshi ba ya ciro shi, sai an kankare a wurin likitan haƙori. In kin yi sati biyu a haka jinin bai ragu ba, ko kin ga ruwa na fita daga dasashi, ko haƙori na motsi, ki je ki gan shi da takardar gwajin sugan a hannunki.