Kyauta, sadaka da tukwici ba abu ɗaya ba ne

Malama, kin ce kin zo aure Sakkwato, kin kai wa maƙwabciyarki atamfa kika ce mata "ga sadaka", ta canza fuska, kina tambaya ko laifi kika yi. To, kalmar ce ta ɓata miki.

Sadaka ana ba mabuƙaci ne don Allah, ba a jiran ramuwa. Da kika faɗe ta, kamar kin ce mata ba ta da abin sawa. Kyauta kuwa tsakanin tsara ce, ta zumunci, kuma a hankali takan dawo, ranar suna ko biki. Da kin ce "ga tsaraba", ko "ga wannan ba yawa", da ta sa miki albarka har ƙofar gida. Mu nan ko rago mutum ya kawo, ba yawa zai ce.

Zakka daban take, wajibi ce, kashi 2.5 cikin 100 na kuɗin da ya kai nisabi ya shekara.

Ki koma da goro ko turare, ki gaishe ta kawai, kada ki tada zancen. In ta aiko yaro da abinci, ki ba shi tukwici, ko naira 200 ce.