Ga mai tambaya kan mugun da ya ƙi fita daga ranta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce kin kammala jerin littattafan binciken kisan kai da kike bi, amma maimakon jami'in da ya bankaɗo gaskiya, mugun ne ya zauna miki a rai, har kina tambaya ko lafiya. Lafiya lau, sha kuruminki. Tun zamanin da muke karɓar hayar littafi a wani shago nan Gwammaja, na ɗaya yau, na biyu sai wanda ya ɗauka ya ga damar dawo da shi, ban taɓa jin an yi musu a kan jarumi ba. Duk gardamar bakin shago a kan mugu take.

Jarumi ai an san makomarsa. Mugu ne ke ƙulla abin, jami'i kwancewa kawai yake yi, don haka in ƙullin ya yi sako-sako labarin ya mutu. Dubi Sherlock Holmes, shahararren mai binciken laifi a littattafan Turanci: gajerun labarai 56 da dogaye 4, amma shi da mugun nan Farfesa Moriarty a guda ɗaya tak suka yi gaba da gaba, na 1893, inda suka kama kokawa a bakin wata magangarar ruwa a Suwizalan. Marubucin ya gaji da Holmes ne, ya ƙirƙiro wanda zai iya kashe shi. Masu karatu suka tayar da jijiyar wuya kan mutuwar Holmes, a 1903 marubucin ya dawo da shi da rai. Moriarty kuwa malamin lissafi ne, shi dai tsarawa, wasu su aiwatar. Ko a namu na gida, cire Malam Zurƙe daga Ruwan Bagaja ki ga abin da zai rage wa Alhaji Imam, duk da shi Zurƙe shaƙiyyi ne kawai, ba makashi ba.

Inda wasu marubutanmu ke ɓata mini rai shi ne mugu mai jajayen idanu da tabo a kunci, yana ƙyalƙyala dariya a gaban boka. Wannan ko yaro ya gane shi tun shafi na uku. Wanda ke hana ni barci shi ne Alhajin da ke sahun gaba, shi ya sayi likkafani, shi ya fara isowa gidan makoki da buhun shinkafa, ya zauna bisa tabarma yana tambayar 'yan sanda ko an samu wani labari. Kuma in ya faɗi hujjarsa a ƙarshe, sai ka yi jim kafin ka ce Allah wadai.

Kada ki yi saurin ɗaukar wani jerin, komai zai yi miki lami. Koma na ɗaya, yanzu da kin san mugun, ki bi duk wurin da ya buɗe baki. Za ki tarar marubucin ya sha nuna miki shi ƙiri-ƙiri kina wucewa.

Don Allah kuma kada a ambaci sunansa a nan, akwai waɗanda ba su kai na ƙarshe ba.