Me Ya Sa Jikin Ɗan Adam Bai Rabu Da Ciwon Daji Ba?

Tambaya:

Assalamu alaikum Likita. Bara aka gano gwaggona tana da kansar mama. Da aka fara yi mata ƙarin ruwan magani ƙullutun ya ragu sosai har muka yi murna, sai daga baya likitoci suka ce maganin ya daina kama ta, za a canja wani. Kakarmu kuma ta kafe cewa a zamaninsu babu wannan ciwo, abincin zamani ne ya jawo shi. Ƙanena mai karatun kimiyyar halittu ya ce ilimin juyin halitta yana da bayanin duk wannan. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, in dai jiki yana gyaruwa daga zuriya zuwa zuriya, me ya hana shi kawar da daji tun tuni?

Wata malamar makaranta, daga Funtuwa

Amsa:

Wa'alaikumus salam Malama. Allah ya ba Gwaggo lafiya, ya sa kaffara ne.

Ciwon daji dai ba baƙo ba ne a duniya. A kogon Swartkrans da ke Afirka ta Kudu an tono wani ƙashin ƙafa mai shekara wajen miliyan 1.7, na wata halitta da masana ke sakawa cikin dangin ɗan Adam na dauri, kuma a 2016 aka tabbatar akwai kansar ƙashi a jikinsa. Likitocin Masar na zamanin Fir'auna ma sun rubuta labarin kumburin mama mai tauri, suka ce ba shi da magani. Duk da haka Kaka ba ta faɗi ƙasa gaba ɗaya ba, zan zo kanta.

Na san da an ce juyin halitta wasu kan haɗe rai saboda batun asalin mutum. Wannan muhawara tana da nata fage. Abin da ya shafi tambayarki kuwa abu ne da muke gani a ɗakin gwaji da gadon asibiti. Duk inda aka sami abu mai hayayyafa, 'ya'yansa suna ɗan bambanta da juna, wasu kuma sun fi wasu jure wahala, to masu juriyar su za su cika wuri. Duk wanda ya girma a shekarun 1980 da 1990 ya san kulorokwin, da ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa mutum ya kwana yana susa. Yana aiki sosai a da. Ƙwayoyin zazzaɓin da ba ya iya kashewa suka yi ta yaɗuwa, har Najeriya ta ajiye shi a tsakiyar shekarun 2000 ta koma wa magungunan haɗi. Ba maganin ne ya lalace ba, cutar ce ta canja.

Irin wannan abu yana faruwa a cikin jikin mutum ɗaya. Jikinki ƙwayoyin halitta ne sama da tiriliyan 30, dukkansu daga ƙwaya ɗaya suka fito, kuma suna zaune bisa ƙa'ida: kowace ta rabu biyu in an buƙata, ta tsaya in an ce ta tsaya, ta kashe kanta in ta lalace. Duk sanda ɗaya za ta rabu sai ta kwafe bayanan gado masu haruffa biliyoyi, kuma babu mai kwafar da ba ya kuskure. Yawancin kurakuran ba sa komai. Amma wani kan faɗa daidai wurin da ke hana ƙwaya rabuwa barkatai, sai ta fi maƙwabtanta haihuwa. A cikin 'ya'yanta wata ta ƙara nata kuskuren, ta iya jawo jijiyar jini ta ciyar da ita, wata ta iya ɓuya daga garkuwar jiki, wata ta iya yin ƙaura zuwa ƙashi ko huhu. Wani likitan Amurka, Peter Nowell, shi ya shimfiɗa wannan bayani a 1976, kuma har gobe a kansa ake gini.

To me ya sa ba a rabu da shi ba? Na farko, shekaru. Wani masanin Birtaniya, Peter Medawar, ya nuna a 1952 cewa cutar gado da ke kashe mutum kafin ya haihu tana tafiya kabari tare da shi, amma wadda ke jira sai ya aurar da 'ya'yansa ta riga ta wuce zuwa jikoki. Yawancin kansa daga shekara 50 zuwa sama take bayyana, lokacin da zuriya ta riga ta tsaya da ƙafarta.

Na biyu ya fi muhimmanci a wurina, kuma mu nan ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani a kansa, don muna da sikila. Kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Najeriya AS ne. Me ya sa gadon da ke wahalar da yara haka ya yawaita maimakon ya ɓace? Wani mai bincike, Anthony Allison, ya gano a Gabashin Afirka a 1954 cewa mai AS ya fi mai AA tsira daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A ƙasar da sauro ke ɗauke yara, wannan riba ce babba, kuɗinta kuwa shi ne SS ɗin da kan fito a ɗaya cikin huɗu na kowane ciki idan AS ya auri AS. Haka lamarin kansa yake. Fatar cikin hanji tana sabuntuwa cikin 'yan kwanaki, jini yana sabuntuwa kullum, ciwo yana warkewa, jariri yana girma a ciki, duk da rabuwar ƙwayoyi. Jikin da ya toshe wannan ƙofa gaba ɗaya don tsoron daji, ko kaciya ba za ta warke masa ba.

Ana iya ƙara tsaro, wannan gaskiya ne, giwa ce shaida. Giwa irin ta Yankari ta ninka mutum yawan ƙwayoyi kusan sau ɗari, tana kuma kai shekara 60 zuwa 70. A lissafi ya kamata kansa ta gama da ita tun tana ƙarama, amma ba haka ake gani ba. Richard Peto na Jami'ar Oxford ne ya ja hankali kan wannan abin mamaki a shekarun 1970. A 2015 aka gano wani ɓangare na sirrin. Akwai wani sinadarin gado mai suna TP53, aikinsa ya duba ƙwayar da ta lalace, ya sa a gyara ta ko ya sa ta kashe kanta. Mutum guda ɗaya yake da shi, giwa wajen 20. Ita dole ce ta sa, don da ba ta da wannan tsaro ba za ta kai ga haihuwa ba. Kakanninmu kuwa yunwa da zazzaɓi da haihuwa da namun daji sun riga kansa zuwa, sai jikinmu ya tsaya a kan abin da ya ishe shi kai zuriya.

Nan ne maganar Kaka ta shigo. Yanzu mutane da yawa suna kai shekarun da kansa ke jira, kuma akwai na'urar gano ta, a da kuwa sai a ce sammu ne ko ajali. Sannan rayuwar mata ta canja fiye da yadda jiki ya saba. Wata mai bincike, Beverly Strassmann, ta zauna cikin ƙabilar Dogon a Mali a shekarun 1980, inda mata ke kwana a wata bukka ta daban lokacin al'ada, ta riƙa ƙirgawa dare bayan dare. Ta samu cewa macen Dogon tana yin al'ada kusan sau 100 a duk rayuwarta, saboda yawancin shekarunta daga goyon ciki sai shayarwa, ita kuwa Ba'amurkiya takan kai 400. Kowane wata sinadaran jiki suna motsa ƙwayoyin mama su rabu, kowace rabuwa kuma dama ce ga kuskure. Shi ya sa shayarwa ke rage haɗarin, da kimanin kashi 4 cikin 100 a kowace shekara guda ta shayarwa.

Kada wani ya ɗauki wannan ya mai da shi hujjar auren wuri ko haihuwa ba hutu. Mutuwa wurin haihuwa da yoyon fitsari sun fi kusa da yarinyar da aka yi wa haka. Kuma da yawa daga matan da muke gani da kansar mama a nan sun haihu sun shayar, ga shi tana kama su da ƙuruciya fiye da Turawa. Binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade da abokan aikinta suka yi a Ibadan ya samu kimanin kashi 11 cikin 100 na masu ciwon suna ɗauke da matsala a sinadaran gado masu suna BRCA1 ko BRCA2, wadda ake gada. Don haka ke da 'ya'yan Gwaggo mata ku riƙa duba kanku, in an ji ƙullutu a je asibiti ko da ba ya zafi. Wanda ba ya zafin ne ma ya fi yaudarar mutane.

Batun maganin da ya daina aiki kuwa, ba laifin likita ba ne, ba kuma jabu aka ba ta ba lallai. Ƙullutun da hannu ya fara ji ya riga ya tara ƙwayoyi ɗaruruwan miliyoyi, kuma ba iri ɗaya ba ne. Tamkar manomin da ke fesa maganin ciyawa iri ɗaya kowace damina ne: gonar takan yi fes da fari, amma 'yar ciyawar da ta jure ita za ta zuba iri, badi ita kaɗai za a gani. Raguwar da kuka gani mutuwar masu rauni ce, dawowar kuma hayayyafar masu taurin kai. Wannan ne ya sa ake haɗa magani biyu ko uku, ake kuma canjawa. Shi ya sa kuma zuwa da wuri yake da tasiri haka, don ƙaramin ƙullutu bai tara nau'o'i da yawa ba, wuƙar tiyata kuma ba ruwanta da wace ƙwaya ce mai juriya. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne a fara magani, a ga sauƙi, a tsaya a koma wa jiƙe-jiƙe, sai bayan wata shida a dawo. Ku taya ta tsayawa kan abin da likitocinta suka tsara. Wani likita a Amurka, Robert Gatenby, ya gwada ba da magani da hutu bisa awon jini ga masu kansar furostat, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar maza, don masu raunin su ci gaba da danne masu juriya, kuma sakamakon da ya fitar a 2017 ya ba da sha'awa. Amma gwaji ne ƙarami ƙarƙashin sa ido, ba abin da za a yi a gida ba.

Akwai kuma kansar da muke da hannu a kanta kai tsaye. Ta bakin mahaifa ƙwayar cutar HPV ke jawo ta, kuma a Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafi. Ta hanta, wadda ke kama matasa maza a Afirka ta Yamma, yawanci ciwon hanta nau'in B ne ke jawo ta, wanda rigakafinsa ya fi amfani a ranar da aka haifi jariri. Abin da ke ƙara masa ƙarfi shi ne wata guba mai suna afulatoksin da fumfuna ke sakawa a gyaɗa da masarar da aka adana ba su gama bushewa ba. Wannan guba tana bugun TP53 ɗin nan, a wuri na 249 takamaimai, kuma an ga tabonta a hantar marasa lafiya a Gambiya da Mozambik da Sin. Dafuwa ba ta kashe ta. Gyaɗar nan mai ɗaci, baƙa, wadda ta motse, da ake tsincewa a ware sannan a ce a zuba cikin ta ƙuli-ƙuli kada a yi asara, ita ce ya kamata a zubar.