Amsar Kawu kan zanga-zanga

Ɗana, saƙonka ya iso. Wai malaminku na jami'a ya ce yunwa kaɗai ba ta fito da mutane titi, kai kuma kana tambaya ko a al'adarmu talaka na da hanyar nuna ƙin yarda. Na yi murmushi, amma gabana ya faɗi, don na san irin tambayar da ke zuwa kafin yaro ya ɗaure takalmi.

A 1978 ina koyon ɗinki a Samaru ta Zariya, kusa da Jami'ar Ahmadu Bello. Gwamnatin Obasanjo ta ƙara wa ɗalibai kwabo 50 a kuɗin abincin yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu. Ƙungiyarsu ta ƙasa, ƙarƙashin Segun Okeowo, ta ce sai Kanar Ahmadu Ali, kwamishinan ilimi, ya sauka. Ana ta raɗe-raɗi tun kafin ranar zanga-zangar. Ɗalibai kan zo shagonmu karɓar ɗinki, ka ga ɗaya ya zaro takarda daga aljihu ya miƙa wa ɗan'uwansa. Kowa ya san shugabansa, ya san inda za a taru. Masu ƙosai na ba su bashi. Da sojoji suka zo, maigidana ya ja ƙyaure, muka kwanta a ƙarƙashin keken ɗinki muna jin harbi. An kashe ɗalibai, aka rufe jami'o'i, aka haramta ƙungiyar. Akwai wani yadi mai ruwan toka da mai shi bai dawo karɓa ba.

Kakanka Malam ya kan ce tura ce ke kai bango, amma sarkin yawa ba ya fin sarkin ƙarfi sai da maɗauri. A zamaninsu, in hakimi ya matsa da haraji, unguwa guda sai ta kwashe cikin dare ta yi ƙaura. Kafin nan dattawa sun je sun yi gaisuwa, sun kai kuka sau da yawa. Su Malam Aminu Kano ma, bayan kafa jam'iyyar NEPU a 1950, ƙauye-ƙauye suka bi suna zama da mutane.

Ku kuwa yanzu a waya ake kiranku, ba ku san mai kiran ba. Abin da ya faru a Kano a Agustan 2024 ya dame ni: an fito da kuka na gaskiya, yara suka ɓige da fasa shaguna, babu babban da zai ce a tsaya.

Ko halal ne a fita, wannan ka bari sai ka zo hutu mu zauna. Kafin nan kada ka je ko'ina ba da sanin mahaifiyarka ba.