Ma'aikacin kamfanin jirgi zai iya zama ɗan kasuwa?

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Jami'ar Sufuri ta Daura. Na ji ana cewa manyan kamfanonin ƙera jirgin sama suna neman ma'aikaci mai zuciyar ɗan kasuwa. Ta yaya mai cin albashi zai yi kasada da dukiyar wani? Kuma ai jirgi ba abin gwaji ba ne.

Amsa: Ƙanena, ka taɓa lura da yaron shago a babbar kasuwar Katsina? Akwai wanda ke jiran maigida ya ce masa ɗauko, ajiye. Akwai kuma wanda zai ce, "Alhaji, atamfar nan mata na tambaya, a ba ni ɗan jari in gwada." Maigida mai hankali sai ya ware masa abin da ko ya salwanta shago ba zai girgiza ba. To, abin da kamfanonin ke nufi ke nan.

Misalin da na fi so shi ne na Lockheed a Amurka. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka ba injiniya Kelly Johnson aikin ƙera jirgin yaƙi mai injin jet. Ya zaɓi mutane kaɗan, ya keɓe su daga sauran ma'aikata, suka gama XP-80 cikin kwana 143. Sashen ne ake kira Skunk Works, wanda daga baya ya fito da jiragen leƙen asiri U-2 da SR-71. Sirrinsa ba wani tsafi ba ne. Shugaban aikin yana da wuƙa da nama, takardu kaɗan ne, kuma mai zane yana zaune kusa da mai ɗaure ƙarfe. In zanen bai zauna ba, makanike zai taka ƙafa ya faɗa masa nan take, ba sai fayil ya yi mako yana yawo a ofisoshi ba.

Kamfanin Airbus ma ya buɗe BizLab a 2015, inda ma'aikaci mai dabara ya riƙa samun lokaci da tallafi ya gwada ta.

Amma maganarka ta biyu ita ce ta fi damuna, kuma gaskiyarka. Ana kasada da kuɗi da lokaci, ba a yi da ran fasinja. Boeing ya yi gaggawar fito da 737 MAX don kada Airbus ya kwashe masa kasuwa. Aka sa wa jirgin wata manhaja mai dogaro da na'urar awo guda ɗaya, ba a kuma yi wa matuƙa cikakken bayaninta ba. Jirage biyu suka faɗi, a Indonesiya a 2018 da Habasha a 2019, mutum 346 suka rasu. Allah Ya kiyaye.

Don haka in Allah Ya kai ka irin wannan wuri, kai dabararka ɗakin gwaji, ka roƙi jari ba tare da kunya ba. Ranar da kuma aka miƙo maka takardar amincewa alhali awon bai cika ba, kada ka sa hannu, ko da shugaba na tsaye a kanka.