Allon da ka kafa da yaran da ke tafiya

Ɗana, saƙonka ya same ni a rumfa bayan la'asar. Ka ce ka rubuta Gaskiya, Amana da Ladabi da manyan baƙaƙe ka kafa a ƙofar gidan ruwan ledarka, albashi kuma kana biya, amma cikin ma'aikata goma sha takwas, shida sun ajiye aiki a shekara guda. Kana tambaya ko al'adar ubangida da yaransa, kayan sallah da zuwa suna da gaisuwar mutuwa, har yanzu tana kanka, tunda kai kamfani gare ka.

Tana kanka, ɗana.

Ina da shekara goma sha huɗu mahaifinmu ya kai ni wurin wani mai fataucin fata a nan Sakkwato, Allah ya jiƙansa. Jemammiyar fatar jar akuya yake saye wurin majema, irin wadda aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi. Wata rana baƙo ya zo daga Kano, ya zaɓi fatu, aka yi ciniki, har na fara ɗaurewa. Sai maigida ya ce in dakata. Ya zaro guda, ya ɗaga ta a rana, ya nuna wa baƙon inda wuƙar mai fiɗa ta shafe ta har ta yi siriri. Baƙon bai gani ba, kuma da ba zai gani ba sai ya isa gida. Maigida ya rage kuɗin da bakinsa. Ni da na ga kuɗin sun fita daga hannunsa a ranar, ban ƙara bukatar a yi mini wa'azin gaskiya ba. Yaranka ma haka suke kallonka. Ranar da matatar ruwa ta lalace, ka tsayar da injin ko ka ce a ci gaba? Wannan shi ne allon da suke karantawa.

Kuma amana hanya biyu ce. Kana son direba ya kawo maka kuɗin ciniki cif, to shi ma albashinsa amana ne a hannunka. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024, kuma na san dokar ba ta hau wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Kada ka fake da wannan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, ka tambayi wanda ke zuwa maka daga Wamakko ko Dange nawa yake kashewa a hanya kullum.

Maganar suna da ta'aziyya kuwa, kada ka aika da ambulan ka zauna a ofis. Lokacin da mahaifiyarmu, kakarka, ta kwanta ciwo, maigida ya rufe rumfa ya zo ya zauna a zaure, ya ci tuwo kwano ɗaya da mu. Abin da ya kawo bai taka kara ya karya ba. Zuwan ne ya ɗaure ni. Haka in azumi ya faɗo cikin bazara, garinmu zafi ya haura digiri 40, mai loda ruwa a mota ya ga an mayar masa da aiki zuwa sanyin safiya ba sai ya roƙa ba.

Amma babban abin da ya riƙe mu shi ne sallama. Yaro ya san in ya yi shekarunsa da amana za a ba shi jari, a sa masa albarka. Ni bayan shekara tara aka ba ni fatu da gefen rumfa, maigida ya kama hannuna ya kai ni gaban majeman da yake hulɗa da su ya ce su ba ni bashi, shi ne lamuni. Yaranka me suke hange a gaba? Wanda ya shekara biyar yana ɗaure leda ya kamata ya san ko zai zama mai kula da injin, ko za ka ba shi keke mai ƙafa uku ya zama dillalinka.

Ba zan ɓoye maka ba, al'adar tana da nata tabon. Na ga iyayen gidan da suka ci ƙuruciyar yaro shekara goma sha, suka sallame shi da riga da hula. Wannan zalunci ne, kuma nan ne ku 'yan boko kuka fi mu: ku kuna rubutawa. Rubuta alkawarin, ka sa shaidu, kowa ya riƙe takardarsa.

Cikin shidan da suka tafi, nemi biyu ka je ka same su da kanka, ka ji ta bakinsu ba tare da ka kare kanka ba. Ranar Juma'a in an sauko daga Masallacin Shehu ka biyo ta gida ka gaya mini abin da suka ce. Ka gaida iyali.

Baffanka