Amsa kan durƙushewar Louisville a 2022-23: hari ne ko tsaro?

Ɗan'uwa, ka tambaya abin da ya kayar da ƙungiyar ƙwallon kwando ta jami'ar Louisville ta Amurka a kakar 2022-23, rashin iya cin maki ne ko rashin tsaron gida, kuma ta ina koci zai fara gyara. A ganina ciwon ɗaya ne, kuma daga hannun mai riƙe ƙwallo ya faro.

Ƙungiyar da ta ɗauki kofin NCAA, wato na zakaran jami'o'in Amurka, a 1980 da 1986 ce ta kammala kakar da nasara 4 da rashin nasara 28 a ƙarƙashin koci Kenny Payne, wanda shi kansa yana cikin 'yan wasan 1986. Wasanni uku na farko, da Bellarmine da Wright State da Appalachian State, dukkansu da tazarar maki ɗaya-ɗaya aka doke su. A gasar farkon kaka ta Maui, a Hawaii, kuwa Texas Tech ta yi musu 70 da 38. Maki 38 a minti 40, abin takaici ne ga duk mai ƙaunar wasan nan.

Duba jerin 'yan wasansu. Dogaye sun yi yawa, amma wanda zai iya ɗauko ƙwallo daga baya ya tsallake matsi kusan El Ellis ne kaɗai, shi kuma asalinsa mai cin maki ne, ba mai rarraba ƙwallo ba. Abokan karawa sun gane haka da wuri. Sai su tura mutum biyu su rufe shi da zarar ya haye tsakiyar fili, su tilasta masa sakin ƙwallo ga wanda bai saba buga ta a ƙasa ba. Daƙiƙa 30 ake ba kowane hari a wasan jami'o'in Amurka. In an cinye 12 ko 15 wajen neman kuɓuta, sauran ba ya isa a juya ƙwallo daga wannan gefe zuwa wancan, sai a ƙare da jifar dole, hannun abokin gaba a fuska. Shi ya sa ƙwallon da suka zubar a kakar ta fi fasin da ya haifar da maki yawa.

A nan tsaro ke shigowa, kuma nan mutane suka fi kuskuren fahimta. Zubar da ƙwallo iri biyu ne. In ta fita waje ko alƙali ya busa, 'yan wasa biyar suna da lokacin komawa gida su tsaya. In kuwa an fizge ta ana cikin wasa, mutum uku ko huɗu suna can gaba, abokan karawa su biyu sun taso wa mutum ɗaya, maki biyu ne kai tsaye ko a yi keta. Ƙungiya kan samu hari kusan 70 a wasa, kowanne darajarsa kusan maki ɗaya. A zubar da 15, rabinsu su koma kwandonka, an riga an bar ka a baya da tazarar da babu tsarin tsaron da zai cike ta. Ketar da ake yi don tsayar da irin wannan gudu kuma tana taruwa: ta bakwai a rabin lokaci tana jawo jifar kyauta, daga ta goma jifa biyu ce tabbas, kuma ɗan wasa ya yi biyar ya fita.

Ba wai tsaronsu na tsaye ba shi da laifi ba. Dogon da ba shi da saurin ƙafa, in aka kafa wa mai tsaron gaba shinge, wato abokin karawa ya tsaya ya tare masa hanya da jikinsa, ko dai ya ja baya ya bar jifar maki uku a buɗe, ko ya fito a wuce shi. Maganin shi ne koci ya zaɓi hanya ɗaya ya dage a kanta, dogon kuma ya riƙa ɗaga murya yana faɗin gefen da shingen ke zuwa tun kafin ya iso.

Gyara kuwa, fara da masu riƙe ƙwallo biyu a fili kowane lokaci, ko da za a rage tsawo. A atisaye a yi hari da mutum biyar kan masu tsaro shida, a hana buga ƙwallo a ƙasa fiye da sau biyu, don su koyi tarar fasin maimakon jiransa. Da zarar an yi jifa, mutum biyu su juya gida ba tare da kallon ko ta shiga ba, na farko ya tsare bakin kwando, na biyu ya tare mai ƙwallo. Uku ne kawai za su nemi wadda ta dawo.

Payne ya ƙara kaka ɗaya, ya yi nasara 8 da rashin nasara 24, aka sallame shi a Maris 2024. Pat Kelsey da ya gaje shi ya sake 'yan wasa gaba ɗaya, ya ɗauko Chucky Hepburn daga Wisconsin ya damƙa masa ƙwallo. Hepburn ne aka zaɓa gwarzon mai tsaro na ACC, rukunin jami'o'in da Louisville ke wasa a ciki, a 2025, Louisville kuma ta ci wasa 27 a kakar.